Lambar da Na Faɗa wa Yaya

A gidanmu na Angwan Iya ni ake aika in an yi rasuwa. Ban san ranar da aka ɗora mini wannan sarauta ba. Tun ban kai talatin ba, da zarar wani ya cika sai ka ji ana cewa a kira Hamdiya, ita ta iya baki. Iya bakin kuwa ba wani abu ba ne illa na san yadda ake raba labari gida uku. Ba a gaya wa mutum uwarsa ta rasu yana tsaye a tashar mota. Da fari a ce masa ba ta jin daɗi. In ya kama hanya a ce jikin ya yi tsanani. Sai ya iso ƙofar gida ya ga tabarmi da butoci, sannan a kama hannunsa a ce sai haƙuri. Kowa a Keffi haka yake yi, ni dai na ɗan fi su sanyin murya ne. Na yi wannan aike ya fi sau goma sha biyar ban taɓa jin na cuci kowa ba, sai da na yi wa Yaya Izzuddeen, kuma abin takaici a nasa ba ma mutum ne ya mutu ba.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, shekara goma sha ɗaya ke tsakaninmu. Malamin fiziks ne a wata sakandaren gwamnati, yana zaune a Tudun Ƙofa da matarsa Anti Fadimatu. A shekarar da abin ya faru idonsa na hagu ya riga ya mutu, na dama ne ya rage, shi ma yana gani ne kamar mai leƙe ta bututu. Hawan jinin ido ne, wanda a asibiti suke ce wa gilakoma. Wannan ɗan abin da ya rage a ido guda shi muke ta lallaɓawa, ni da Anti, da magani da addu'a da masifa, don shi mai idon ba ya cikin masu lallaɓawar.

Halin nasa tun yana ƙarami ne. Babanmu awon hatsi yake yi a kasuwa, kuma Inna ta sha ba mu labarin shekarar da Yaya ya lura mudun Baba da na maƙwabcinsa ba su zo ɗaya ba. Bambancin bai wuce cikin tafin hannu ba. Kowa ya sani, ba wanda ya damu. Shi kuwa ya samo gwangwanin madara ya yi mako guda yana zuba gero yana juyewa, har ya gano na Baba ne ya fi zurfi, wato shekara da shekaru kansa Baba yake cuta. Ya je ya faɗa a gaban mutane yana jiran yabo, ya samu ranƙwashi. Bai daddara ba. A ce abu biyu da ya kamata su zo ɗaya sun ƙi zuwa, wannan ba ya barin Yaya ya ci tuwo cikin kwanciyar hankali.

Da ya gama jami'a aka tura shi garin Gitata, ya yi shekara tara yana koyarwa a makarantar da duk kayan gwajinta rula ce da maganaɗisun da ya ciro daga wata matacciyar lasifika. A 2003 aka dawo da shi Keffi. Shekarar da ta biyo baya wani abokin aikinsa ya ba shi wata mujallar kimiyya da bangonta ya yage, wadda da na san abin da ke cikinta da na kunna murhu da ita. A nan ya haɗu da muwon.

Ni ban yi kimiyya ba, aikin sakatariya na koya, kuma shagon buga takardu gare ni a kan hanyar jami'a. Amma wanda ya shekara ashirin yana buga abu ɗaya dole wani abu ya maƙale masa. Muwon wani ƙanƙanin abu ne, ɗan'uwan elektiron ɗin da ke gudu a wayar lantarki, sai dai ya fi shi nauyi sau ɗari biyu da 'yan kai, kuma ba ya daɗewa a duniya ko na ƙiftawar ido. In aka saka shi cikin maganaɗisu yakan riƙa layi, kamar katantanwar yara in ta kusa faɗuwa. Masana sun zauna sun lissafa yawan layin da ya kamata ya yi. Wasu kuma a Amurka suka gina wata ƙatuwar na'ura suka auna wanda yake yi a zahiri. Aka haɗa biyun, awo ya ɗara lissafi. Yaya yana kiran wannan bambanci giɓi, kuma girmansa wajen ɗari biyu da hamsin ne, amma a wani ma'auni da sai ka jera sifili takwas bayan ɗigo kafin ka iso gare shi. Na taɓa ce masa ko ƙuda ba zai samu wurin sauka a kan wannan ba. Ya ce in giɓin gaskiya ne, to akwai wani abu cikin halittar Allah da ke taɓa muwon wanda ba a san da shi ba, kuma shi yana so ya faɗi kamanninsa.

Da iyakarta ke nan da tuni an wuce wurin. Amma muwon yana da wata doka ta dangi. In ya mutu ba ya rikiɗa ya zama elektiron haka kawai, sai ya bar magaji daga gidansu, wani abu da ake kira nutirino. An zuba wa tiriliyoyinsu ido a Suwizalan, ba a taɓa kama ko ɗaya ya koma elektiron da ɗan haske kaɗai ba. To shi ɓoyayyen abin da Yaya ya tsara a takarda, in ya ba shi ƙarfin da zai cike ɗari biyu da hamsin, sai lissafi ya nuna zai riƙa sa muwon yana karya wannan doka a fili, har da tuni an kama shi. In ya rage masa ƙarfi don doka ta zauna, sai giɓin ya ƙi cika. Gajeren zane ne, ka rufe ƙirji gwiwa ta fito. A jan wannan zanen ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

Da hannu yake aikinsa, a littattafan makaranta masu shafi tamanin, kowanne da lambarsa a bango. Duk Asabar bayan la'asar zai kawo mini abin da ya rubuta in buga. Harufan Girkancin da ke ciki ban taɓa riƙe sunayensu ba, sai na raɗa musu nawa: akwai kifi, akwai mai wutsiya, akwai cokali mai yatsu. Ya yi faɗa ya gaji, ƙarshe shi ma ya koma cewa, "Auta, kin manta layin da ke kan cokalin nan." Yana da shekara arba'in da takwas ya yi rajistar digirin dakta, yana yi yana koyarwa. Aka haɗa shi da Dakta Scholastica ta duba aikinsa, wata 'yar ƙabilar Eggon wadda shi ya koyar da ita a Gitata tana 'yar aji huɗu. Yana ce mata Dakta, tana ce masa Malam, in suka haɗu sai a yi ta rige-rigen ba wa juna kujera har shayi ya huce. A unguwa tuni aka fara kiransa Dakta, rabi girmamawa rabi tsokana. Kullum amsarsa ita ce, "Da saura."

A 2021 aka sake awon da sabuwar na'ura, giɓin ya fito yana nan inda yake. Ranar na ga Yaya ya shigo shago yana dariya shi kaɗai har ɗalibai masu jiran furojet suna taɓa juna. Amma a lokacin idon hagu ya fara tafiya, kuma bayan shekara biyu ƙananan rubutu suka gagare shi, na waya da na takarda. Nasa rubutun yana iya bi da gilashin ƙara girma, na wasu kuwa sai an karanta masa. Sai Asabar ɗinmu ta juya. Ni nake zuwa Tudun Ƙofa da takardun da Dakta Scholastica ta aiko, in zauna a baranda in karanta masa Turanci da lambobi, shi yana jingine da bango ido a rufe. Duk abin da ya sani game da muwon tun daga lokacin, ta bakina ya shiga kunnensa.

Bara, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, likita ya ce maganin ɗigawa ya daina riƙe idon dama, sai an yi aiki. Ya yi mana bayani dalla-dalla. Aikin ba zai dawo da abin da ya tafi ba, zai dai tare abin da ya rage. Ƙwararren da ke yin sa duk wata uku yake zuwa, kuma an samar wa Yaya wuri ranar Alhamis ta biyu bayan Sallah. Ya ƙara da cewa kafin ranar a kiyaye masa tashin hankali, kada jininsa ya hau.

Ana jibi Sallah Dakta Scholastica ta shigo shagona da tsakar rana. Ba ta zauna ba. Ta miƙo mini filash ta ce in fitar mata da shafin farko kawai.

"Hamdiya, akwai wahala," ta ce. "Masana sun sake lissafin muwon, da manyan kwamfutoci. Awon bai canja ba, jiya ma suka tabbatar da shi. Lissafin ne ya matso ya same shi."

"Saura nawa?" na tambaye ta, don wannan kam na san ita ce tambayar.

"Talatin da takwas. Kuma kuskuren da suke zato ya kai sittin da uku. Wasu suna gardama har yanzu, amma in haka ne, babu giɓi ke nan. Babu abin da za a cike."

Firinta ta turo takardar. Na duba, ga lambar nan a layi na ƙarshe, ba ta ma fi sauran girma ba.

"Ni ba zan iya faɗa masa ba," ta ce. "Malam ne fa. Shekara ashirin."

"Da ɗaya," na ce. "Bar mini, Dakta. Ba haka ake faɗin irin wannan ba, ga aikin ido a gabansa. Kada ki kira shi sai na ce miki."

Da gadara na faɗa, ba zan ɓoye ba. Na ji an zo fagena. Kafin ta kai ƙofa na gama tsara abina. Asabar ɗin nan zan ce masa giɓin ya ragu zuwa ɗari da hamsin. Bayan an yi aiki in ce ɗari. In an cire bandeji ya samu ƙarfi, sai in kama hannunsa. Ban yi shawara da kowa ba, don a kan wannan ni ake tambaya.

Asabar ta faɗo kashegarin Sallah. Anti Fadimatu tana tsakar gida tana suyar nama, hayaƙi ya cika barandar. Na karanta wa Yaya labarin sabon awon tsaf yadda yake, ya yi ta gyaɗa kai. Sannan na sassauta murya.

"Sai dai masu lissafi sun ɗan matso, Yaya. Giɓin ya ragu."

"Zuwa nawa?"

"Ɗari da hamsin."

"Da kuskure nawa?"

Wannan ban shirya mata ba. Na ɗauko tsohuwar lambar da na buga sau ba adadi na ce arba'in da takwas.

Na zauna ina jiran in ga kafaɗarsa ta faɗi, in ce masa komai na Allah ne. Bai motsa ba. Leɓensa ne kawai ke motsi, yatsansa na rubutu a kan gwiwa. Can ya ce in shiga ɗaki in ɗauko littafi na sittin da ɗaya, in buɗe wajen tsakiya in karanta masa layin da ya ja wa jan biro. Na karanta. Ya ce in sake. Sai na ga ya rufe baki da hannu, jikinsa na rawa, na zaci kuka ne.

"Auta, ya shiga," ya ce. "In ɗari da hamsin ne, ba sai na ba shi ƙarfi da yawa ba. Zai cike giɓin, kuma muwon ba zai karya doka ba. Ya shiga, da ɗan sarari ma."

Ya ƙwala wa Anti kira ta zo da matsami a hannu, ya yi ta yi mata bayanin da ba ta nema ba. Ita tana cewa madalla, madalla, idonta na kan kasko. Ni kuwa shekara ashirin ina buga wannan abu, na san zanen gajere ne, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa in aka rage tsawon mai ɗaurawa zanen zai isa. A mutuwa in ka ce jiki ya yi tsanani kowa ya san inda aka dosa. Yaya lamba aka ba shi, ya karɓe ta a lamba.

Ranar Laraba Anti Fadimatu ta zo shago, abin da ba ta taɓa yi ba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce jiya yayana ya sa an kira masa asibiti, ya ce a ba wani wurinsa, shi sai zuwa na gaba.

"Ke kika karanta masa abin da ya ɗaga masa hankali," ta ce. "Don Allah ki je ki yi masa magana. Ni ba ya jin tawa, ya ce ban san lissafi ba. In aka koma yau ko gobe za a iya maido masa da ranar, na tambaya."

Na rufe shago na tafi. Na tarar da shi a tebur, ya yi aski, ya sa farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, hancinsa kusan a kan takarda. Na yi masa masifa iya ƙarfina. Na ce ido guda gare ka, na ce likita ya ce, na ce ka tausaya wa Anti. Ya bar ni na gama.

"In aka yi aikin, mako nawa ba zan yi rubutu ba?" ya ce. "Kuma likitan da bakinsa ya ce wani lokaci aikin kansa yakan tafi da abin da ya rage. In zai tafi, ya tafi bayan na gama. Mako shida kawai nake nema. Ba ni kaɗai na ji wannan lambar ba, Auta, duk duniya ta ji, wani zai riga ni."

Nan ne wurin da ya kamata in faɗa. Maganar tana bakina, har na ja numfashi. Sai ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Ta bakinki na ji," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne ya rufe mini baki, wai ban taɓa ganin sa cikin farin ciki irin wannan ba, wai jininsa zai hau. Akwai wannan a ciki. Amma babban abin tsoro ne. Na ji tsoron ya san ƙanwarsa ta dube shi ta ƙirƙiro lamba, shi da a duniya ba abin da yake girmamawa kamar lamba. A ranar tsoron nan ya fi mini tsoron ya makance, kuma na san abin da nake zaɓa.

Kwana takwas suka rage kafin Alhamis ɗin. Kowace safiya ina tashi da niyyar yau zan je, kowane yammaci ina rufe shago in wuce gida. Dakta Scholastica ta kira sau biyu, na ce mata ana shigar masa da labarin a hankali. Alhamis ta zo ta wuce, aka yi wa wani bawan Allah aiki a wurin Yaya. Daga nan na samu sabon uzuri: tunda ranar ta riga ta kuɓuce, me zai ƙaru in na faɗa yanzu, bari ya ji daɗinsa zuwa Satumba. Maganar ɗari kuwa ban ko tayar da ita ba, don na san in na sauya lambar daga farko zai sake.

Mai buga takardu yana ganin abin da likita ba ya gani. A watan Yuni da biro Yaya yake rubutu, yana bin layi. Farkon Yuli ya koma rubutu da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, haruffan suka kai girman ɗan yatsa. Tsakiyar Yuli layi ya fara hawa kan layi, sai na ɗaga takardar a hasken taga kafin in raba su. Mako shida suka cika bai gama ba. A Agusta shafi guda bai ɗaukar fiye da layi huɗu, kuma wata Asabar na ga lissafi ya yanke a bakin takarda, rabinsa babu. Na shiga ɗakinsa na duba, ga sauran nan a kan katakon tebur, ya ci gaba da rubutu bai san takardar ta ƙare ba. Na tsaya na kwafe shi daga tebur ɗin, na koma shago na buga. Duk na buga, shafi arba'in da uku, har da ɗari da hamsin ɗina a saman shafin farko. Ina bugawa ina kuka, ɗalibai suna zaton mura ce ta damina.

Ƙarshen Agusta ya ce ya gama, in kai wa Dakta. Na sa a ambulan na kai ofishinta da ƙafata, don na gaji. A tsaye ta karanta shafin farko.

"Ina Malam ya samo wannan lamba?"

Ta ɗago daga takardar ta dube ni.

"Hamdiya, aikin idon fa? An yi?"

"Ya ɗaga," na ce. "Don ya gama wannan."

Ta zauna a hankali. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta ɗauki makullin mota ta ce in taso.

Ana yayyafi muka isa Tudun Ƙofa, wajen sha ɗaya na safe. Yaya yana baranda. Da ya ji muryar Dakta ya miƙe yana laluben kujerar da zai ba ta, fuskarsa cike da fara'a, yana zaton ta karanta ne ta kasa haƙuri. Ban bari an zauna ba. A karo na farko a rayuwata na faɗi labari a dunƙule.

"Yaya, ba ɗari da hamsin ba ne. Ni na ƙirƙira. Giɓin ya rufe tun kafin Sallah."

Ya juyo da kansa yana neman inda nake, don sai ya daidaita bututun nan kafin ya ga mutum. Bai same ni ba, ya haƙura.

"Dakta, karanta mini," ya ce.

Ta karanta masa. Talatin da takwas, kuskure sittin da uku. Ya ce ta sake, ta sake.

"Wato babu komai a wurin," ya ce.

"Ba a gama sani ba, Malam," ta ce. "Akwai masu gardama. Kuma aikinka bai zube duka ba. Ɓangaren dokar dangi yana nan, za mu iya gina kundin digirin a kansa."

Ya gyaɗa mata kai irin na ladabi. Anti Fadimatu ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ni kawai take kallo. Yaya ya koma ya zauna a tabarma.

"Auta, bayan ɗari da hamsin me kika tanadar mini?"

"Ɗari."

"Sannan?"

"Sannan gaskiya."

Yatsan nan ya fara motsi a gwiwa, sai kuma ya tsaya.

"Da ɗari ma da ya shiga," ya ce. "Da ya fi shiga ma." Sannan ya ce wa Anti ta kawo wa Dakta ruwa.

A Satumba aka yi aikin. Ƙwararren ya ce abin da aka auna a idon a watan Mayu ba shi ya tarar ba. Ya tare abin da ya samu, abin da ya samu kuwa haske ne da duhu, da inuwar ƙofa in rana ta haska ta. Na tare likitan a barandar asibiti na tambaye shi, da an yi a Yuni fa? Ya ce mai yiwuwa, ba zai iya rantsuwa ba. Na sake tambaya ta wata hanyar, ya ba ni amsa ɗaya. Na so ya ce laifina ne ko ya ce ba laifina ba ne, in san abin da zan ɗauka. Bai ba ni ko ɗaya ba, ya ce akwai masu jiran sa.

Yaya ya ajiye koyarwa. Bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba, bai gaya wa kowa a dangi ba, kuma da Anti ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata shi ya sa baki. Kundin yana nan ana yi, a kan ɓangaren da Dakta ta ce, shi yana faɗa ni ina rubutawa. Har yau duk Asabar bayan la'asar ina zuwa da takardu in karanta masa, don babu wani mai karantawar. Turancin yakan bar ni in yi ta zubawa. Amma da na iso kan lamba sai ya ɗaga hannu.

"Dakata," zai ce. "Fadimatu."

Anti za ta bar tukunya ta zo tana goge hannu a zane. Ni zan ɗora yatsa a ƙarƙashin layin, ita ta sunkuya ta kira masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, har da ɗigo. In ta gama ta koma madafa.

"To," zai ce. "Ci gaba, Auta."

Sai in ci gaba. A shafi guda wani lokaci sai ta zo sau bakwai.